Amsoshin Wasiƙunku: Tsohon nan mai farin gemu da ke ba da labarin taurari

Wasiƙun wannan karo kusan duka a kan mutum guda suka taru. A fitowar da ta wuce na saka layi biyu a ƙasan shafi cewa ranar 13 ga Oktoba 2025 Hubert Reeves, masanin taurari, ke cika shekara 2 da rasuwa, sai ga saƙonni ta WhatsApp, har da takarda guda da wani direba ya kawo mini gida a ninke cikin ledar goro. Wasu tambaya suke yi, wasu kuwa faɗa. Na tsinci waɗanda suka fi tsoka na taƙaita su. Masu tambayar batirin sola da ke mutuwa da wuri, ku dakace ni sai wata mai zuwa.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ina shekara ta biyu a fannin fizik a Jami'ar Abdou Moumouni, amma wallahi ban taɓa jin sunan mutumin nan ba sai a shafinka. Wane ne shi? — Wani ɗalibi, Yamai

Amsa: Ɗana, ba kai kaɗai ba ne. Ya rasu a birnin Paris ranar 13 ga Oktoba 2023 yana da shekara 91, lokacin da hankalin kowa a nan Nijar yake wani wuri dabam. Iyakoki a rufe, wuta na zuwa da ƙyar, kuma tun watan Agusta an katse RFI da France 24, waɗanda a da su ne za su wuni suna maganarsa. Ni ma a Facebook na tsinci labarin, inda ɗansa ya sanar.

An haife shi a Montreal ta ƙasar Kanada ranar 13 ga Yuli 1932, a yankin Kebek inda ake jin Faransanci. Can ya fara karatun fizik, ya wuce Jami'ar Cornell a Amurka, ya kammala digirin dokta a 1960 a hannun Edwin Salpeter, a kan yadda ƙwayoyin zarra ke haɗewa a cikin cikin tauraro. Ya koyar a Montreal yana kuma ba hukumar NASA shawara, sannan daga 1965 ya zama daraktan bincike a CNRS, babbar cibiyar binciken kimiyya ta Faransa. Da a nan ya tsaya, da ku ƴan fizik kaɗai za ku san shi, ku ɗin ma sai wanda ya yi nisa.

Littafi ne ya fito da shi fili, Patience dans l'azur, a 1981, yana dab da shekara 50. A ciki ya jero tarihin samaniya tun daga farkonta har zuwa ɗan Adam, ba tare da lissafin da ke korar mai karatu ba. Masu buga littattafai da yawa sun mayar masa da shi, a ganinsu babu mai fitar da kuɗinsa ya sayi labarin taurari. Da ya fito sai aka yi ta rububinsa. Poussières d'étoiles ya biyo baya a 1984, kuma daga 1991 talabijin ɗin Faransa ta fara wani shiri na shekara-shekara a watan Agusta, La Nuit des étoiles, inda jama'a ke fita fili da dare su kalli sama, shi kuwa ya zama fuskar shirin.

Ni ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a wata kwaleji (CEG) ta ƙasar Adar littafin farko ya faɗo hannuna, cikin kwalin littattafan da aka aiko kyauta, tsakanin tsofaffin kamus da ba mai taɓawa. Gara ta riga ta ci gefen bangonsa. A wancan zamani ko'ina haka ake koyar da fizik: ƙa'ida a allo, yara su kwafa, su haddace, su zubo ranar jarrabawa. Shi kuwa mutumin nan sai ya ɗauko irin tambayar da ɗan shekara bakwai zai yi, kamar me ya sa dare yake da duhu, ya nuna maka cewa tambayar ba ta wasa ba ce. Da a ce taurari ba su da iyaka kuma suna nan tun fil azal, duk inda ka kai ido sai ya sauka a kan wani tauraro, sama ta zama fari fat dare da rana. Dare yana da duhu ne don samaniya tana da shekarun haihuwa, kimanin biliyan 13.8, hasken abin da ya wuce wani nisa bai ma iso mu ba tukuna, ga shi kuma tana ta buɗewa. Daga baya na gan shi a tele a gidan wani maƙwabcina mai parabol: sanƙo a gaba, farin gashi ya zubo ta baya, gemu har ƙirji, magana a hankali da harshen mutanen Kebek. Abin da na riƙe daga kallonsa shi ne bai taɓa nuna wa mai tambaya cewa tambayarsa ta yi ƙanƙanta ba.

Tambaya: Malam, ni ungozoma ce. Ɗiyata da ke lise ta zo mini da maganar wai mu ƙurar taurari ne, ta ce tsohon da ka ambata ne ya faɗa. Mu dai abin da muka sani daga turɓaya aka halicci Annabi Adamu. Kada boko ya ɓata mini yarinya. — Wata uwa, Madawa

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yarinya ba ta saki hanya ba. Ki tambaye ta kawai: ita turɓayar, da me aka yi ta? Daga nan maganar tsohon ta fara.

Idan aka auna jikin mutum, kusan kashi 65 cikin 100 na nauyinsa oksijin ne, kashi 18 kabon, kashi 10 haidirojin, kashi 3 naitirojin, sauran kuma su kalsiyom na ƙashi da ɗan ƙarfen da ke cikin jini, wanda duka-duka bai wuce giram 4 ba. Wannan ƙarfe kin fi ni saninsa, shi ne a cikin jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da kike ƙirga wa masu ciki ranar awo. Duk waɗannan abubuwa suna cikin ƙasa da ruwa da iska, gero ya tsotse su, mu ci gero.

To amma a farkon samaniya babu yawancinsu. A mintocin farko abin da ya samu haidirojin ne da hiliyom, sai ɗan litiyom da bai taka kara ya karya ba. Babu kabon, babu oksijin, babu ƙarfe. A cikin taurari aka ƙera su. Ranarmu, wadda ita ma tauraro ce, zafin tsakiyarta ya kai digiri miliyan 15, kuma kowace daƙiƙa tana mayar da haidirojin kimanin tan miliyan 600 zuwa hiliyom. Daga wannan haɗewa ne hasken da ke busar miki da shanya yake fitowa. Idan tauraro ya tsufa, tsakiyarsa ta kai digiri miliyan 100, sai hiliyom ya fara haɗewa uku-uku ya zama kabon, kabon ya ƙara ɗaya ya zama oksijin. Manyan taurari da suka ninka rana nauyi sau da yawa suna ci gaba mataki-mataki har su kai ƙarfe. A nan abin yake tsayawa, don haɗa ƙarfe ba ya ba da wuta, cinye ta yake yi. Sai tsakiyar tauraron ta rufta cikin ƙiftawar ido, sauran jikinsa ya tarwatse, duk abin da ya ƙera ya watsu cikin sarari. An taɓa ganin irin wannan fashewa da ido a shekarar 1054, masu lura da sama a ƙasar Sin suka rubuta cewa wani sabon tauraro ya bayyana har da rana tsaka ana ganinsa, kuma burbushinsa yana nan har yau ana ɗaukar hotonsa. Daga irin wannan ƙura, gauraye da iskar gas, rana da duniyarmu suka dunƙule shekara biliyan 4.6 da suka wuce.

Zinaren Jado da yuraniyom ɗin Arlit ma sun fi ƙarfe nauyi, su sai da tashin hankali mafi tsanani. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urori suka kama karon wasu gawawwakin taurari biyu masu tsananin nauyi, aka kuma ga alamar irin waɗannan ma'adinai masu nauyi a cikin hasken da ya biyo baya. Abin da ake haƙowa a Arlit tun 1971 ya girmi ƙasar da yake kwance a cikinta.

Za ki ce wa ya je can ya gani? Babu. Haske ne ke kawo labari. Idan aka ratsa hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku ya rabu launi-launi, kowane sinadari yana barin layukansa na kansa a ciki. Ta haka aka gano hiliyom a cikin rana a 1868, ba a same shi a doron ƙasa ba sai 1895. Kuma ba Reeves ne ya gano cewa taurari ke ƙera sinadarai ba; babban aikin da ya tabbatar da haka na mutum huɗu ne a 1957, Margaret Burbidge da mijinta Geoffrey, da William Fowler, da Fred Hoyle. Nasa shi ne ya sa maganar a bakin talaka.

Tafsiri ba fagena ba ne, wannan ki kai wa malamin unguwarku. Abin da zan iya ce miki, kimiyya tana faɗin abin da turɓaya ta ƙunsa da hanyar da ta biyo kafin ta zo nan. Wa ya halicce ta, kuma don me, babu na'urar da ke auna wannan, kuma shi kansa tsohon, wanda ya yi karatun sakandare a hannun limaman Katolika, yana raba waɗannan tambayoyi biyu a rubuce-rubucensa. Ki bar yarinya ta yi karatunta, ki ma sa ta ta yi miki bayanin da Hausa; in ta iya, to ta gane.

Tambaya: Abokin aiki, mu faɗa wa juna gaskiya. Mutumin nan masani ne ko dai mai daɗin baki ne da tele ta ɗaga? Me ya gano da kansa? — Wani malamin fizik da shimi, Birnin Ƙwanni

Amsa: Mushe, na san wannan shakka, ta ɗakin malamai ce: duk wanda jama'a suka gane maganarsa, sai mu ce ba shi da zurfi. Ga abu biyu da ke ɗauke da sunansa.

Ka duba jadawalin sinadarai da ke rataye a ajinka, gida na 3 da na 4 da na 5: litiyom, beriliyom, boron. Waɗannan uku sun daɗe suna ba masana ciwon kai, don tauraro ba ya tara su, ƙona su yake yi da zarar zafi ya kai ƴan miliyoyin digiri. To daga ina suka fito? A 1970 Reeves da Fowler da Hoyle suka buga amsa. Akwai ƙwayoyi masu gudu kusan gudun haske da ke ratsa sarari ta kowace fuska. Idan ɗaya ta yi karo da cibiyar ƙwayar kabon ko naitirojin ko oksijin da ke yawo tsakanin taurari, sai ta farfasa ta, kamar yaro ya harbi tulu da ɗanko, tsingaro ya watse. Tsingaron shi ne waɗannan sinadarai uku. Ya ci gaba da lissafin tare da ɗalibansa a Faransa, kuma har yau bayanin da ake koyarwa ke nan game da beriliyom da boron da wani kaso na litiyom.

Na biyu ya fi burge ni. Wani masani na Jami'ar Bern a Suwizalan, Johannes Geiss, ya sa ƴan sama jannatin Apollo 11 sun kafa wani fallen alminiyom a kan wata a 1969, ya sha iskar rana minti 77, suka naɗe shi suka dawo da shi. An maimaita a tafiye-tafiyen da suka biyo baya. Daga ƙwayoyin da suka maƙale a fallen, Geiss da Reeves suka lissafa a 1972 yawan haidirojin mai nauyi da ke cikin gajimaren da ya haifi rana. Shi wannan nau'in haidirojin ragowar mintocin farko ne, kuma yawansa yana nuna yawan kayan da samaniya ta ƙunsa. Lissafinsu ya nuna kayan da muka sani, irin wanda aka yi mu da shi, kaɗan ne ƙwarai. Awon zamanin nan ya ce kusan kashi 5 cikin 100 ne na duk abin da samaniya ta ƙunsa. A kan wannan aiki aka ba su lambar Albert Einstein ta birnin Bern a 2001.

Ba zan ce maka Einstein ne shi ba, kuma bai ci Nobel ba. In ka matsa mini ma zan ce littattafansa na tsufa sun yi ta maimaita juna, wani lokaci kuma waƙa takan rinjayi fizik a bakinsa. Amma ka gwada yi wa ƴan aji uku na kwaleji bayanin haɗewar ƙwayoyin zarra ba tare da alli ba, ba kuma tare da ka yi musu ƙarya ba, sannan ka sake rubuto mini a kan daɗin baki.

Tambaya: Mushe, ka ba ni kunya. Da furfurarka kana makokin Nasara mai duba taurari, abin da addini ya hana? Kuma namu masanan sun ƙare ne? — Wani Alhaji, babbar kasuwar Tawa

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Takardarka ce ta zo cikin ledar goro, na ci goron kuma na gode. Ban kira kowa zaman makoki ba, tunawa na yi da mutumin da na ƙaru da shi, kamar yadda kai ma ba ka tambayar addinin wanda ya ƙera sikelin da kake awo da shi.

Mai duba da masanin falaki ba sana'arsu ɗaya ba. Mai duba yana ce maka tauraronka ya nuna za ka yi arziki ko aurenka ba zai yi ƙarko ba. Wannan shi malamai suka yi hani da shi, kuma kimiyya ma ba ta san da zamansa ba. Masanin falaki kuwa awo yake yi da lissafi, abin da ya faɗa kowa na iya jira ya gani. Ka tuna ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da rana ta yi husufi da hantsi, inuwar ta ratsa ƙasarmu daga kudu ta bi Tenere ta shige Libiya? Tun shekaru kafin nan an buga ranar da mintin. Jadawalin lokutan salla da ke manne a bangon masallacinku da wannan lissafi aka yi shi, haka alƙiblar da aka daidaita ginin a kanta. Al-Battani da ya rasu a 929, da Al-Biruni, da Abdurrahman al-Sufi da ya rubuta littafin taurari a 964, duk Musulmi ne, kuma Turawa daga littattafansu suka ɗora. Kai kanka ka taso ka ji tsofaffin malamai na ƙirga taurarin damina, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kowanne kwana 13, manoma na tambayarsu ko shuka ta yi. Masaukai 28 ne, guda ɗaya ke ɗaukar kwana 14, jimla 365 cif. Madugan ayarin gishirin Bilma kuwa da taurari suke ratsa Tenere tun kafin a san wani abu GPS.

A rabi na biyu na faɗanka kam ina bayanka. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi zurfi a fizik tun kafin mu sami ƴancin kai, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, ya riƙe jami'ar Yamai, ya rasu a 1991. Yara na shiga jami'ar da ke ɗauke da sunansa su fita ba su san me ya yi ba. Tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yaranmu da harsunansu. Senegal na da Maram Kairé, wanda ke yawo da madubin hangen nesa yana nuna wa jama'a sama, har aka sa wa wani dutsen samaniya sunansa a 2021. Mu fa? Gidajen rediyo sun cika gari, daga Muryar Sahel har na ƙauyuka, ana hira da Hausa kan siyasa da kokowa da maganin basir, amma ban san shirin da wani masani ke zama duk mako ya amsa tambayar yaro kan wata da taurari ba. Samanmu ta fi ta Paris haske nesa ba kusa ba, su fitilu sun cinye musu tasu. Abin da ya sa na ambaci tsohon ke nan: ya yi wa masu jin Faransanci abin da har yanzu ba a yi wa masu jin Hausa ba. In akwai attajirin da zai ɗauki nauyin rabin awa a rediyo, Alhaji, ka san gidana.

Tambaya: Kaka, inna ta ce idan tauraro ya faɗo to wani babban mutum ne ya mutu. Da wannan tsohon ya mutu, tauraro ya faɗo? — Wata ƴar kwaleji, Abalak

Amsa: Jikata, ki gaida inna. Abin da muke gani ya ja layin wuta da dare ba tauraro ba ne. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana, haskensa ma sai ya yi shekara 4 da ƴan watanni a hanya. Abin da ke faɗowa ɗan tsakuwa ne, galibi bai fi ƙwayar gero ba, ya shigo iskar duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa, ya ƙone can sama wajen kilomita 100. Kowane dare suna faɗowa, ko an yi mutuwa ko an yi suna. Wani lokaci babba ne, sai ya iso ƙasa. A nan jiharmu ta Tawa, ranar 21 ga Agusta 1991, dutse mai kilo 110 ya faɗo a wajen Tazarzait. Wani kuma mai kusan kilo 25, ɓallin duniyar Mas da malamai ke kira Mirrihu, an tsince shi a jihar Agadas a Nuwamba 2023, aka sayar da shi a New York a Yulin 2025 kan sama da dalar Amurka miliyan 5, har gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita ƙasar.

Ga abin da zai ba ki mamaki: washegarin rasuwarsa, 14 ga Oktoba 2023, rana ta yi husufi a Amurka da Meziko da Birazil. Amma an san da wannan husufi tun kafin a haife ki. Kuma amsar tana cikin Bukhari da Muslim: ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Annabi ya gaya musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Abin da tsohon ya samu a sama ɗaya ne: wani dutse mai lamba 9631 da ke zagaya rana tsakanin Mas da Mushtari (Jupita), an sa masa sunansa tun yana da rai.

Tambaya: Na ji an ce a ƙarshen rayuwarsa ya bar taurari ya koma maganar itatuwa da tsuntsaye. Me ya haɗa su? — Wani ma'aikacin gandun daji, Keita

Amsa: Ƙanena, bai bar su ba, ya dai ƙara wani kaya a kan na da. Daga 2001 ya shugabanci wata ƙungiyar kare namun daji a Faransa, wadda daga baya ta koma Humanité et Biodiversité. Hujjarsa daga falakin ta fito: an ɗauki shekara biliyoyi kafin ƙurar nan ta zama gawo ko raƙumin dawa, amma a cikin rayuwar mutum guda ana iya shafe su. Ku a Keita ba sai an yi muku wa'azi ba. Matan da suka yi ta dakon duwatsu a ka tun 1984 suna tare zaizayar ƙasa sun riga shi fara aikin.

Tambaya: Tsoho, mu ƴan fada ne, mun karanta mun ji sha'awa. Nawa ne madubin hangen nesa, kuma ta ina za mu fara? — Wasu samari, Yamai

Amsa: Samari, ku bar kuɗinku a aljihu tukuna. Bayan damina ne lokacin, ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba. Ku zaɓi daren ƙarshen watan Musulunci da babu farin wata. Ba sai kun fita daji ba, halin tsaro bai ba da haka ba. Rufin bene a bakin gari ya isa, ko daren da aka ɗauke wuta. Ku kife wayoyi, mai shayi ya ja murhunsa baya, ku ba ido minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu.

Bayan isha ku dubi gabas, Kaza da ƴaƴanta na tasowa. Hasken da zai shiga idonku ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce, wato dab da faɗuwar daular Songhai a 1591. Ku juya arewa, ku miƙe hannu ku dunƙule shi: dunƙule guda kusan digiri 10 ne, tauraron arewa da ba ya motsi yana sama da ƙasa da dunƙule ɗaya da ɗan ƙari, don Yamai na kan digiri 13 da rabi. Can sama ta arewa maso gabas akwai wani ɗan dishi-dishi, garken taurari ne na Andromeda, wanda al-Sufi ya fara rubutawa. Nisansa shekarar haske miliyan 2.5. Manhajar Stellarium za ta nuna muku inda yake, amma ku duba ta kafin ku zauna, ba lokacin kallo ba.

In kun matsu sai kun sayi wani abu, ku haɗa kuɗi ku nemi tabaran hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta wa 10x50, ko na hannu ne. Ku jingina gwiwar hannu a kan katanga ku saita Mushtari, za ku ga ƴan ɗigo a jere kusa da shi, watanninsa huɗu ne da Galileo ya gani a 1610, kuma gobe in kun sake dubawa sun canza wuri. A Nuwamban 2025 sai wajen ƙarfe 11 na dare ya riƙa fitowa, zuwa tsakiyar Disamba kuwa 8 da rabi ya fito. Daren 13 wayewar 14 ga Disamba ku shimfiɗa tabarma ku kwanta rigingine, daren ruwan tsakuwoyin da na gaya wa jikata ne, in hazo ya ƙyale ku. Kada wanda ya kuskura ya saita tabaran nan ga rana, ko da wasa, makanta ce nan take. Yawancin mutane ƴaƴan Kaza 6 suke ƙirgawa. Wanda ya ga fiye da 7 da idonsa kawai ya rubuto mini, ya faɗi unguwar da ya tsaya.